Zuciyar Ɗan Keke, Ƙafar Ɗan Gudu

Kafin duniya ta san Zersenay Tadese da gudu, mutanen yankinsu da keke suka san shi. An haife shi a 1982 a ƙauyen Adi Bana na ƙasar Eritiriya, inda tseren keke ya shiga jinin jama'a tun zamanin mulkin Turawan Italiya. Yadda yaranmu ke tashi da mafarkin ƙwallo, haka na can ke tashi da mafarkin keke, kuma Zersenay bai fita daban ba. Ya ci ƙananan tsere na kilomita 30 zuwa 50, har ya fara hangen Turai, sai dai a Turai tseren yini guda kan haura kilomita 200, nisan da bai taɓa gwadawa ba. Ana cikin haka masu neman 'yan gudu suka lura da wannan saurayi da ba ya gajiya, suka ce ya jingine keken ya zo ya gwada da ƙafa. Ya je, ya gwada, ya zo na ɗaya.

Daga nan abu ya yi ta gaba kamar wasa. A 2002 ya je birnin Dublin gasar gudun ratsa daji ta duniya da takalmin da bai yi masa daidai ba, ya zo na 30. Shekara biyu bayan haka, a wasannin Olamfik na Athens, ya zo na uku a mita 10,000 a bayan Habashawa biyu, Kenenisa Bekele da Sileshi Sihine, kuma wannan tagulla ita ce lambar Olamfik ta farko da Eritiriya ta taɓa gani. A 2007, cikin zafin Mombasa da ya sa Bekele kansa ya fita daga tsere, Zersenay ya zama zakaran duniya a gudun ratsa daji. A 2010 kuwa, a Lisbon, ya cinye rabin gudun fanfalaki, kilomita 21 da 'yan kai, cikin minti 58 da daƙiƙa 23, aka shekara takwas ba wanda ya yi ƙasa da haka.

To, me keke ya ba wannan bawan Allah, me kuma ya hana shi? Tambayar ba ta Zersenay kaɗai ba ce. Duk shekara akwai dubban masu hawan keke da ke wayar gari su ce za su shiga gudun fanfalaki, wanda wasunmu ke kira yada-ƙanin-wani, wato kilomita 42 da mita 195. Wasu su gama da murmushi, wasu su gama da ɗingishi, wasu ma ba su kai ranar tseren ba sun kwanta. Ni a ganina akwai gwaninta ta musamman a wannan sauyin sheƙa, gwanintar da ba a cika yaba mata ba don ba a ganinta ranar tsere. Watanni kafin ranar ake yin ta.

Babbar kyautar keke a ƙirji take. Zuciya tsoka ce, kuma ba ruwanta da abin da ƙafa ke yi a ƙasa. Ko feda ake murzawa, ko kwalta ake taka, ita dai abin da ta sani shi ne ana neman jini, sai ta aika. Mutum yana zaune, zuciyarsa na tura kimanin lita 5 a minti. In aiki ya yi tsanani, wanda bai saba ba yakan kai lita 20 ya tsaya nan, alhali manyan gwanaye kan kai 35, wasu har 40. Ba wai zuciyarsu ta fi saurin bugawa ba ne, a'a, ɗakinta ne ya faɗaɗa, bugu ɗaya sai ya kwashi abin da ta wani sai ta buga sau biyu. Mai jan ruwa da babban guga da mai ja da gwangwani, ai ba za su cika randa tare ba. Shi ya sa in suna hutawa zuciyarsu ke tafiya a natse. Yawancin mutane tana buga musu sau 60 zuwa 80 a minti, amma Miguel Induráin na Sifaniya, wanda ya ci tseren Tour de France sau biyar a jere daga 1991 zuwa 1995, an ruwaito tasa kan sauka har 28.

Bayan zuciya sai jinin kansa, wanda ke ƙaruwa da yawan atisaye, sai siraran hanyoyin jini da ke tsirowa cikin tsoka kamar saiwoyin gero, sai wasu ƙananan murahu a cikin ƙwayoyin tsoka, waɗanda masana ke kira mitokondiriya, inda ake ƙona sikari da kitse da iskar oksijin a fitar da ƙarfi. Masana na da ma'aunin da ke tattara duk wannan wuri guda: iyakar oksijin da jiki ke iya sha a minti ɗaya, a kan kowane kilo na nauyinsa. Saurayi mai lafiya da ba ya atisaye yakan tsaya wajen mililita 40 zuwa 45. Manyan 'yan keke da manyan 'yan gudu kuwa, duk a tsakanin 70 da 85 za ka same su. Wato in da ƙirji kawai za a buɗe a duba, da wuya a ce ga na keke, ga na gudu.

Dalilin da ya sa keke ya ƙware wajen gina wannan inji ba wani asiri ba ne: lokaci. Sirdi ne ke ɗauke da nauyinka, don haka kana iya murza feda awa biyar yau, gobe ka sake, jibi ma haka. Ɗan keken da sana'arsa ke nan kan yi awa 25 zuwa 30 a mako idan atisaye ya yi nisa. Ɗan gudu, komai gwanintarsa, da wuya ya wuce rabin haka, don ƙafa ba za ta lamunta ba. Tour de France zango 21 ne cikin mako uku, kimanin kilomita 3,400. Babu mahaluƙin da zai yi makamancin wannan da ƙafa cikin irin wannan sauri ya kwana lafiya. Saboda haka ɗan keke kan shigo fagen gudu da zuciyar da ta sha awoyin da 'yan gudu ba su taɓa samu ba.

Akwai kuma wata kyautar da na fi jin daɗin bayaninta, don lissafi ne da ɗan firamare zai iya. Jiki na ajiye sikari a tsoka da hanta, kimanin rabin kilo, wanda ya yi daidai da kalori 2,000 ko kusa da haka. Gudu kuma na cin kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinka a kowace kilomita. Mai nauyin kilo 65, in ya ninka da 42, zai ga yana bukatar fiye da 2,700. Rumbu bai kai shekara ba ke nan. Shi ya sa wajen kilomita 30 zuwa 35 ake ganin katti sun koma tafiyar hawainiya, idanu sun yi zuru-zuru, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. 'Yan gudu na ce wa wannan cin karo da bango. Ɗan keke ya san wannan bango tun tuni, ya sha karo da shi a kan hanya, nesa da gida, ba kowa sai shi da kekensa. Don haka ya koyi abu biyu. Jikinsa ya saba ƙona kitse a tafiya mai tsawo, yana tattalin sikari. Cikinsa kuma ya saba karɓar abinci ana tsakar aiki. Dubi rigar ɗan tseren keke, aljihu uku ne a bayanta, cike da ayaba da dunƙulen shinkafa da 'yan ledojin sikari mai kauri, yana ci yana murza feda, giram 60 zuwa 90 na sikari a kowace awa, ba ya jira sai yunwa ta yi sallama. Sabon ɗan gudu sai ya sha wuya kafin ya yarda cewa ci da sha wani ɓangare ne na tseren. Ɗan keke da saninsa yake zuwa, illa dai sai ya sake koya wa cikin nasa haƙuri, don a kan sirdi ciki a zaune yake, a gudu kuwa jijjiga shi ake yi kamar gorar nono.

A nan labarin Zersenay ya ɗan karkata, kuma karkatar na da daɗi. Mutumin da ya gagari duniya a kilomita 21, da aka ninka nisan sai abin ya ƙi. A Landan a 2009 bai gama ba. A 2010 ya gama cikin awa 2 da minti 12, lokacin da ya yi wa mai irin ƙarfinsa kaɗan ƙwarai. Sai a 2017, da kamfanin Nike ya tara shi da Eliud Kipchoge da Lelisa Desisa a filin tseren motoci na Monza a Italiya don a gwada sauka ƙasa da awa biyu, masana suka lura ashe ba ya shan abin kirki a cikin tsere. Suka gyara masa wannan, ya gama cikin awa 2 da minti 6 da daƙiƙa 51. Ni dai na kan ce, da a ce tseren kekensa na ƙuruciya irin na kilomita 200 ne ba na 40 ba, da ya koyi wannan darasi tun kafin gemu ya fito masa. Tseren da ake gamawa cikin awa ɗaya ba ya koya wa kowa cin abinci.

Har dabarar ɓuya daga iska daga keke aka aro ta. 'Yan keke sun daɗe da sanin cewa wanda ya laɓe a bayan wani yana tanadin ƙarfi mai yawa, shi ya sa suke tafiya a dunƙule kamar garken tumaki. A gudu ribar ba ta kai haka ba, don saurin bai kai ba, amma akwai ta. Ranar 12 ga Oktoban 2019, da Kipchoge ya gama cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana, 'yan rakiya 41 ne suka riƙa karɓar juna suna tare masa iska cikin wani tsari na musamman, kuma wanda ya jagoranci shirin, Dave Brailsford, mutumin tseren keke ne gaba da baya.

To, ya isa haka a kan abin da ke haurawa. Bari mu sunkuya mu dubi ƙafa.

Ka lura da ƙafar mai murza feda. Tana zagayawa ne cikin da'ira, sau 90 a minti ko kusa da haka, ba tsalle, ba dira. Tsokar cinya tana tsukewa ta tura feda ƙasa, ta saki, ɗayar ta karɓa. Idon sawu kusan a kafe yake. Tafin ƙafa yana kwance cikin takalmi mai tauri kamar katako, ba abin da ake nema a wurinsa sai ya miƙa saƙo. Yanzu dubi ƙafar mai gudu. Akwai ɗan lokacin da duk ƙafafunsa biyu suna sama, sai ɗaya ta dira ita kaɗai, ta karɓi nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu zuwa uku. Cikin abin da bai kai ƙiftawar ido biyu ba, tafin ƙafa ya baje, agara ta miƙe kamar robar gwafa, gwiwa ta ɗan lanƙwashe, cinya ta taka birki, ƙugu ya riƙe kada jiki ya karkace, sannan agarar ta sake abin da ta tara ta cilla mutum gaba. In kowane taku mita ɗaya ne da 'yan kai, to a gudun fanfalaki sai an yi wannan dira kusan sau 35,000.

Birkin nan shi ne abin da keke bai taɓa koya wa cinya ba. A kan feda, tsoka na aiki tana gajarcewa. A dirar gudu kuwa, aiki take yi ana jan ta tana tsawo, kamar mai riƙe da igiyar sa yana turjewa ana jan sa. Irin wannan aiki yana yayyaga ƙananan zaruruwan tsoka, kuma shi ke kawo tsamin jikin da ba ya bayyana sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Na ɗanɗana da kaina. Akwai lokacin da nake yin kilomita 60 a keke ranar Asabar in dawo in ci tuwo in fita harkokina, sai wata safiya abokai suka ja ni sassarfa, kilomita 10 kacal. Ina tafe ina ba su labari, su suna haki, ina ta jin kaina. Washegari lafiya lau. Kwana biyu da yin abin, na tashi sallar asuba, ruku'u ya zame mini aiki, zaman tahiya kuwa sai da na dafa bango. Matakalar gidanmu da baya da baya na riƙa sauka, yara na leƙe suna ƙunshe dariya. Huhuna bai san an yi komai ba, amma daga ƙugu zuwa ƙasa kamar an yi mini dukan sakwara.

Tsamin tsoka ma mai sauƙi ne, mako guda ya wuce. Ƙashi shi ne babbar magana. Tun a 1892 wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi na gina kansa ne gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Inda ake dukansa ya yi kauri, inda aka bar shi ya huta ya yi sakwa-sakwa. Keke kuwa hutu ne ga ƙashi, shi ya sa bincike ya sha nuna cewa ƙwararrun 'yan tseren keke da yawa ƙashinsu bai kai na sauran 'yan wasa ƙwari ba, wasu ma bai kai na mutumin da ba ya wasan komai ba. Sannan yadda ƙashi ke gyara kansa akwai tarko a ciki: sai ya fara rushe tsohon gini kafin ya ɗora sabo, kuma aikin na cin watanni. A tsakanin rushewa da ɗorawa, ƙashin ya fi kowane lokaci rauni. Agara da sauran jijiyoyi ma haka suke, jini kaɗan ke isa gare su, ba sa gaggawa.

Ga inda haɗarin yake. Mutumin da bai taɓa motsa jiki ba, in ya fara gudu, haki ne ke tsare shi. Kafin ya yi wa ƙwaurinsa illa numfashi ya ƙare, dole ya tsaya; rauninsa ya zame masa mai gadi. Ɗan keke ba shi da wannan mai gadi. Zuciyarsa na ce masa ƙara wuta, huhunsa na ce masa ai ba a fara ba, shi kuwa ƙwauri ba ya magana sai ya tsage. Injin tirela ne aka ɗora a kan ƙafafun Keke Napep.

Lance Armstrong ya isa misali. Ba don halinsa na kawo shi ba, don a 2012 an ƙwace duk nasarorinsa bakwai na Tour de France saboda amfani da haramtattun magunguna, kuma daga baya ya amsa da bakinsa. Na kawo shi ne don ƙafarsa. A Nuwamban 2006 ya shiga gudun fanfalaki na New York, manyan 'yan gudu irin su Hicham El Guerrouj na Maroko suna yi masa rakiya bi da bi. Ya gama cikin awa 2 da minti 59 da daƙiƙa 36, kusan minti 50 bayan wanda ya zo na ɗaya, Marilson Gomes dos Santos na Barazil. Ya ce a duk rayuwarsa bai taɓa yin abin da ya wahalar da jikinsa kamar wannan ba, mutumin da ya sha hawa duwatsun Faransa. Bayan 'yan kwanaki aka gano ƙwaurinsa ya tsage. Da shekara ta zagayo ya dawo da shiri na gaske, ya yi awa 2 da minti 46 da daƙiƙa 43. Zuciyar ba ta canja ba cikin shekara guda. In ma ta canja, baya ta yi, tunda ya bar tseren keke. Minti 13 ɗin nan ƙafa ce ta biya su.

Tom Dumoulin na ƙasar Holan, wanda ya ci babban tseren keke na Italiya a 2017, ya fi Armstrong natsuwa. Ya ajiye keke a 2022, ya ɗauki shekaru yana gudu, yana shiga ƙananan tsere, sannan a Oktoban 2025 ya tunkari cikakken nisan a Amsterdam ya gama ƙasa da awa biyu da rabi. Lokaci ne da zai sa kowane ɗan gudu na sha'awa ya cire hula. Duk da haka shi ma sai da tsohon tarkon ya kama shi: ya fita da wuta a rabin farko don ƙirjinsa ya ce zai iya, a rabi na biyu tsokoki suka riƙa ɗaurewa.

Akwai wani abu kuma da ba ya sayuwa sai da shekaru, wato tattalin ƙarfi a cikin taku. Mutum biyu na iya samun inji iri ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya shan mai a kowace kilomita. Paula Radcliffe ta Ingila, wadda ta yi awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 25 a Landan a 2003, an shekara goma sha ɗaya ana auna ta. Iyakar oksijin da take sha ba ta ƙaru ba, tana nan wajen 70, amma abin da take ƙonawa a sauri iri ɗaya ya ragu da kusan kashi 15 cikin 100. Agara ce ta ƙara tauri, taku ya daidaita, motsin banza ya ragu. Zersenay, da masana a Sifaniya suka auna shi, sun sami yana ƙona mililita 150 na oksijin a kan kowane kilo a kowace kilomita, ɗaya daga cikin mafi ƙarancin da aka taɓa aunawa, alhali gwanaye da yawa suna kusa da 200. Wannan ba keke ya ba shi ba. Siraran ƙwaurin da Allah ya yi masa ne, da shekarun da ya kwashe yana taka ƙasa.

To, wanda ya iya sauyin sheƙar, yaya yake yi? Abin da ke burge ni da shi shi ne yadda yake sauke girman kai. Mutum ne da ke iya kilomita 150 a yini, amma ka gan shi da asuba yana sassarfar minti 20, yana haɗawa da tafiya, tsofaffi na wuce shi, bai ko yi gumi ba ya koma gida. Yau ya yi, gobe ya huta wa ƙafa ya hau keke, jibi ya sake. Yana neman burji ko filin ciyawa, yana kauce wa kwalta da gangara mai tsanani a farkon lamari. Yana gajarta taku yana yawaita shi, kuma a nan keke ya yi masa rana, don zagaye 90 na feda a minti daidai yake da taku 180, kusa da abin da gwanayen gudu ke yi. Kiɗan yana jikinsa tun tuni. Yana tsayawa a bakin matakala yana ɗaga dunduniya yana saukewa a hankali don agara da sha-raɓa su yi ƙwari. Yana miƙar da gaban ƙugunsa, wanda shekarun sunkuyo a kan keke suka tsuke. In ƙirji ya yi ƙaiƙayin wahala, ba ya huce haushi a kan ƙafa, sai ya hau keke ya nemi tudu ya sha wuyarsa a can. Ƙarin nisa kaɗan-kaɗan yake yi, mako uku ya hau, na huɗu ya sauka. Sannan ya san bambancin ciwo da ciwo. Tsamin da ya bazu cikin tsoka, wanda ke sakewa in jiki ya ɗumama, wannan abokin tafiya ne. Amma zafin da ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi, wanda za ka iya nuna shi da ɗan yatsa, yana ƙaruwa da kowane taku, wannan ba a yi masa jarumta.

Ga kuma zafin rana, wanda ɗan keke kan raina. A kan keke iska na busar da gumi tun kafin ya sauko, kana tafe kana shan fanka kyauta. A gudu fankar ta mutu, jiki na dafuwa daga ciki, zuciya na ƙara bugu don ta kai jini fata ya huce. Saurin da ka riƙe cikin sanyin asuba, da hantsi sai ya gagare ka.

Masu haɗa ninƙaya da keke da gudu su ne suka fi kowa sanin wannan mashiga. A babbar gasarsu ta Hawaii sai sun yi iyo kilomita 3.8, sun murza keke kilomita 180, sannan su sauka su fara cikakken gudun fanfalaki. A 2022 Gustav Iden na Norway ya yi wannan gudun na ƙarshe cikin awa 2 da minti 36. Su sukan sauka daga keke su zura takalmi nan take su fita, don ƙafa ta saba da waɗannan mintunan farko da kake jin kamar ba taka ba ce.

Hanyar kuma tana komawa ta ɗaya ɓangaren, har ma ta fi sauƙi. Michael Woods na Kanada tun yana ɗan shekara 18 ya yi gudun mil ɗaya ƙasa da minti huɗu, amma ƙashin ƙafarsa ta hagu ya yi ta tsagewa har gudu ya gagara. Ya koma keke da zuciyarsa ta ɗan gudu, kuma a 2023, yana da shekara 36, ya ci zangon Tour de France da ya ƙare a kan dutsen Puy de Dôme. Kipchoge kansa, wanda a ƙuruciyarsa da keke yake kai madara kasuwa a yankin Nandi, har bayan ya zama abin da ya zama yakan hau keken motsa jiki a sansaninsu na Kaptagat, don zuciya ta yi aiki ƙafa ta huta. Daga gudu zuwa keke, abin da ake nema a koya dabara ce: riƙon kan keke, shiga kwana, tafiya cikin cunkoso. Daga keke zuwa gudu kuwa, nama da ƙashi ne za su sake gini, su kuwa ba sa jin lallashi.

Saboda haka, ɗan'uwa mai keke, in gudun fanfalaki na Legas da ake yi kowace shekara tun 2016 ya fara yi maka gizo, kada ka auna kanka da numfashi, don zai ruɗe ka. Ƙirga watanni da baya daga ranar tseren, ka ba ƙafarka shida aƙalla, in da hali shekara. Kada ka sayar da keken, za ka bukace shi duk ranar da ba ta gudu ba. In kuma ka danna ƙwaurinka ka ji wuri ɗaya yana amsawa, cire takalmin ka je likita ya duba.